Galadima Yusufu Maje Garko da Rikicin Gado a Gidan Dabo, 1855–1895

1.0 Gabatarwa

Wanda ya duba jerin sarakunan Kano ba zai ga sunan Yusufu ɗan Abdullahi Maje Karofi a ciki ba. Ya riƙe sarautar Galadima a zamanin mahaifinsa, aka tuɓe shi tun mahaifin yana da rai, sarauta ta faɗi sau biyu a kan idonsa ana ba wani, daga bisani ya rasu a Garko cikin 1894 yana shirin shiga birni da yaƙi. Amma tun daga wannan shekara ba a sake naɗa Sarkin Kano ba sai daga zuriyar mahaifinsa, kuma yaƙin da ya tayar, watau Basasa, shi ne sanadin haka.

Manufar wannan takarda ita ce bin diddigin rayuwar wannan basarake ta fuskar gidan da ya fito, domin a ga yadda dokar gado ta gidan sarautar Kano ta ingiza shi ga yaƙi, sa'an nan kuma ita wannan doka ta hana 'ya'yansa cin moriyar nasarar da aka samu. Yawancin abubuwan da za a ambata sun faru ne a gabashin tsohuwar ƙasar Kano, a garuruwa irin su Takai da Garko da Gaya da Dutse da Ringim, yankin da wani sashe nasa ya koma cikin Jihar Jigawa a 1991. Littafin Tarihin Kano, wanda Palmer ya fassara daga Larabci zuwa Turanci a 1908, kuma aka buga Hausarsa cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, ya tsaya ne a kan zamanin Sarki Bello. Abin da ya biyo baya sai a cikin ayyuka irin su Kano ta Dabo Cigari na Alhaji Abubakar Dokaji, da littafin Adamu Fika a kan Basasa na 1978, da na M. G. Smith a kan mulkin Kano na 1997.

2.0 Gidan Dabo da Ɗakin Shekara

Kakan Yusufu shi ne Malam Ibrahim Dabo, Basulluɓe, Sarkin Kano na biyu bayan jihadi, wanda ya gaji Sarki Sulaimanu a 1819, ya yi mulki har 1846. Ya tarar da ƙasa a hargitse, garuruwa da dama sun ƙi bi, ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya ci, shi ya sa ake masa kirari da Cigari. Don ya kafa mulkinsa sosai, ya raya sarautun da Haɓe suka bari. Manyan gidajen Fulanin da suka yi jihadi suka riƙe wasu daga ciki, alal misali Madaki a gidan Yolawa, Makama a gidan Joɓawa, Sarkin Bai a gidan Dambazawa. Wasu kuwa, irin su Galadima da Wambai da Ciroma da Turaki da Tafida, suka zama na 'ya'yan sarki da 'yan'uwansa.

Cikin 'ya'yan Dabo, uku suka hau gadon sarauta bi da bi, watau Usman (1846–1855), da Abdullahi (1855–1882), da Muhammadu Bello (1882–1893). Dukkansu kuwa ɗaki ɗaya suka fito, mahaifiyarsu ita ce Shekara. Wannan abin lura ne ƙwarai, domin a al'adar Bahaushe an fi tsammanin kishi tsakanin 'yan uba, waɗanda iyayensu mata kishiyoyi ne, har kalmar 'yan'ubanci ta zama sunan hassada da gasa. A nan kuwa shaƙiƙai uku sun karɓi sarauta hannu da hannu ba a zubar da jini ba, sai da aka zo kan 'ya'yansu wutar ta tashi.

A zamanin Usman, ƙanensa Abdullahi ne Galadima. Sa'ad da matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, ya sauka Kano a farkon 1851, ya gana da su biyun, ya kuma lura cewa faɗa-a-jin Galadima bai kasa na Sarki ba. A wannan zamani ne Sarkin Haɗejiya Buhari ya bijire wa Sakkwato, ya addabi gabashin ƙasar Kano da hare-hare, bai daina ba har rasuwarsa a 1863. Shi Sarki Usman a wannan yanki ajali ya same shi, a garin Ringim, cikin 1855, saboda haka ake kiransa Maje Ringim. Al'ada ce ta gidajen sarauta a sakaya sunan mamaci da sunan garin da ya cika, sai a ce Maje wuri kaza. Da haka Abdullahi ya zama Maje Karofi, Abbas ya zama Maje Nasarawa, shi kuma Yusufu ya zama Maje Garko, ko da yake bai yi sarki ba.

Abdullahi ya shekara 27 a kan gado, Allah kuma ya azurta shi da 'ya'ya masu yawan gaske, maza da mata. Mazan ya naɗa su sarautu, matan ya aurar da su ga hakimai da sarakunan garuruwa da malamai da attajirai. Ya kuma ƙarfafa manyan bayin sarki, watau Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama, waɗanda makamai da rumbuna da gandayen sarki ke hannunsu. Kafin ya rasu, gidansa ya zama wata ƙaramar daula a cikin daula, da wuya a sami babban gida a ƙasar Kano wanda aure ko barantaka bai haɗa shi da su ba.

3.0 Sarautar Galadima

Sarautar Galadima daga Barno Hausawa suka aro ta. A can, Galadima shi ne mai tsaron yammacin daula, mazauninsa kuwa Nguru. A Kano ta daɗe da kafuwa, domin Tarihin Kano ya ba da labarin Galadima Dauda, wanda ya yi ta kai yaƙi kudu a zamanin Sarki Abdullahi Burja (1438–1452). Galadima yana cikin majalisar nan ta Tara ta Kano wadda ake danganta kafuwarta ga Muhammadu Rumfa (1463–1499), kuma har yau akwai unguwar Galadanci a cikin birni, inda gidan sarautar yake.

Domin a gane abin da Yusufu ya samu da abin da ya rasa, ya kamata a san yadda hakimci yake kafin zuwan Turawa. Hakimi a birni yake zaune, kusa da fada. Garuruwan da ke ƙarƙashinsa a warwatse suke cikin ƙasa, wani gabas wani yamma, jakadunsa ne ke kai da kawo tsakaninsa da dagatai. Su ke tattaro kuɗin ƙasa da jangali da kuɗin karofi da sauransu, hakimi ya ɗebi rabonsa, ya kai wa sarki saura. Da wannan rabo yake ciyar da barori, ya sayi dawaki da kayan yaƙi, ya yi kyauta ga malamai da maroƙa. In yaƙi ya tashi, da yawan dawakin da ya fito da su ake auna girmansa.

Sai dai duk wannan arziki na rawani ne. Garuruwan ba mallakar hakimi ba ne, ba ya gadar da su ga ɗansa, kuma ranar da aka tuɓe shi, ranar suke komawa hannun wanda aka naɗa. Abin da ke saura gare shi kawai shi ne mutanen da suka zaɓi su zauna da shi don alherin da ya yi musu a baya, ko don fatan abin da zai zama nan gaba.

Akwai kuma wata doka wadda ba a rubuce take ba, amma aiki ya tabbatar da ita. Tun daga Usman a 1846 har zuwa rasuwar Alhaji Ado Bayero a 2014, duk wanda ya hau gadon Kano ɗan sarki ne na cikinsa. Babu sharaɗin sai ɗan fari, kowane ɗan sarki yana iya sa rai, amma wanda ya mutu bai yi sarki ba, to, ya rufe wa 'ya'yansa ƙofa. Zaɓin ƙarshe kuwa, a ƙarni na 19, yana hannun Sarkin Musulmi, Wazirin Sakkwato ne ke kula da al'amuran Kano, shi ke kawo takardar naɗi. Tun da Abdullahi daga Galadanci ya hau gado, sai mutane suka ɗauki wannan sarauta a matsayin matakin ƙarshe kafin karaga.

4.0 Naɗin Yusufu da Tuɓe Shi

Babbar barazanar da ta fuskanci Kano a zamanin Abdullahi ita ce ta Ningi. Wasu malamai ne, a ƙarƙashin Malam Hamza, suka fice daga ƙasar Kano cikin shekarun 1840 saboda rikicin haraji, suka shiga duwatsun Ningi, suka haɗa kai da mutanen wurin. A zamanin Ɗan Maje, da Haruna bayansa, mayaƙan Ningi sun riƙa kai hari kudu maso gabashin Kano, suna kama mutane suna kore dabbobi. Don tare wannan ɓaraka aka ƙarfafa ribaɗoɗi a wannan gefe, mafi muhimmanci a cikinsu shi ne Takai, inda sarki yake da gida da bayi da dakaru.

Abdullahi ya naɗa ɗansa Yusufu Galadima, ya kuma ɗora masa nauyin yaƙin wannan iyaka. A nan Yusufu ya yi suna da jarunta, a nan kuma ya san sarakunan garuruwan gabas, su ma suka san shi. Wannan sanayya ita ce jarin da ya ci amfaninsa bayan shekaru masu yawa.

To, amma ɗaukakar ɗan sarki tun uba na da rai abar tsoro ce a fada. Riwayar da ta fi shahara ta nuna cewa an kai wa Abdullahi labarin Yusufu yana aika takardu Sakkwato a ɓoye, yana neman a ba shi gadon mahaifinsa, kuma magatakardansa, Malam Ibrahim Bazazzagi, shi ya tona asirin. Abdullahi ya tuɓe ɗansa, ya ɗauki rawanin Galadima ya naɗa wa shi Malam Ibrahim ɗin, mutumin da ba shi da jinin Dabo, balle ya yi mafarkin gado. Tuɓe hakimai ba baƙon abu ba ne a zamanin Abdullahi, Tarihin Kano ya lissafa da dama da ya sauke. Amma wannan tuɓewa ta bambanta da sauran, domin ta bar gidan Abdullahi ba shi da wani ɗa a kan matakin da ke kai mutum karaga.

A 1882 Abdullahi ya rasu a Karofi, cikin ƙasar Katsina, a kan hanyarsa ta zuwa Sakkwato. Yusufu ya sa rai, amma Sarkin Musulmi Umaru ɗan Aliyu Babba (1881–1891) ya zaɓi Muhammadu Bello, ƙanen marigayin. Ba a iya cewa an karya wata al'ada da wannan zaɓi, tun da ƙane ne ya gaji wa a 1855. Bello kuwa dattijo ne, malami, ɗan Dabo na cikinsa. 'Ya'yan Abdullahi suka yi mubaya'a, suka zuba ido.

5.0 Zamanin Bello

Bello ya hau gado ya tarar da fada cike da mutanen wansa. Hakimai da yawa 'ya'yan Abdullahi ne ko surukansa, manyan bayi kuma a hannunsa suka tashi. Shi kuwa 'ya'yansa ba su kai na wansa yawa ba, ya kuma san cewa in sarauta ta koma gidan Abdullahi bayan ransa, da wuya ta sake dawowa nasa gidan. Saboda haka ya shiga sauke mutanen Abdullahi ɗaya bayan ɗaya yana maye gurbinsu da nasa. Ya tuɓe Galadima Ibrahim, ya naɗa ɗansa Muhammadu Tukur, watau ya aza shi a kan matakin nan da Abdullahi ya taka, wanda aka tunkuɗo Yusufu daga kansa.

Abin da ya fi ƙona ran gidan Abdullahi shi ne taɓa aure. Masana tarihin Basasa sun ruwaito cewa Bello ya umarci masu sarautar da ke auren 'ya'yan Abdullahi su zaɓi ɗaya, ko su saki matan ko su ajiye rawani. Wanda ya san matsayin auren 'yar sarki zai gane manufar wannan umarni. 'Yar sarki a gidan hakimi igiya ce da ta ɗaure gidaje biyu, 'ya'yan da za ta haifa su ne za su gaji sarautar ubansu, kawunnansu kuma su ne 'ya'yan sarki. Tsinka wannan igiya raba 'ya'yan Abdullahi ne da dawakin surukansu. Amma abin ya zo da akasi, domin duk wanda aka tuɓe, da duk wanda aka tilasta wa saki, ya sami dalilin kansa na ƙin gidan Bello. Waɗannan mutane suka riƙa taruwa a kan Yusufu, mutumin da ba shi da rawani, ba shi da gari ko ɗaya.

A 1891 Abdurrahman ya zama Sarkin Musulmi, wanda saboda zafin halinsa ake masa laƙabi da Ɗanyen Kasko. A 1892 ya kai yaƙi Argungu, rundunarsa ta sha kashi a hannun Sarkin Kabi Sama'ila. Galadima Tukur ne ya jagoranci mutanen Kano a wannan yaƙi, ya kuma nuna jarunta a ranar da wasu suka juya baya. Tun daga nan ya shiga ran Sarkin Musulmi.

6.0 Basasa

Bello ya rasu a ƙarshen 1893, a daidai lokacin da Wazirin Sakkwato Muhammadu Buhari yake cikin Kano. Waziri ya san inda ra'ayin manyan gari ya karkata, ya kuma san abin da naɗin Tukur zai haifar, amma umarnin Sarkin Musulmi bai bar masa zaɓi ba. Aka naɗa Tukur, waɗanda suka yi masa mubaya'a cikin 'ya'yan sarki ba su da yawa.

Ga 'ya'yan Abdullahi, wannan naɗi ya bambanta da na 1882. Bello baffansu ne, tsoho, ana iya jiran zamaninsa ya wuce. Tukur kuwa tsaransu ne, in ya daɗe a kan gado za su tsufa su mutu a ƙarƙashinsa, in ya gadar wa ɗansa, shi ke nan an rufe littafin gidansu. Yusufu ya fita daga birni da yawancin 'yan'uwansa da barorinsu, suka bi ta Nasarawa da Wudil suka sauka Takai, tsohon sansaninsa. Ba dukkan 'ya'yan Abdullahi suka fita ba, akwai waɗanda suka tsaya tare da Tukur, don haka yaƙin ya raba har 'yan gida ɗaya. Daga nan aka sami sunaye biyu, Yusufawa da Tukurawa, bisa ƙa'idar nan ta Hausa ta liƙa ɗafin -awa ga sunan mutum don nuna mabiyansa.

A Takai Yusufu ya kafa fada irin ta birni. Ya naɗa wa 'yan'uwansa da magoya bayansa sarautun da masu su ke zaune a Kano, ta yadda kusan kowace babbar sarauta ta zama tana da mutum biyu, kowanne ya san cewa rawaninsa ba zai tabbata ba sai ɗayan ya faɗi. Manyan bayin gidan Abdullahi, irin su Shamaki Harisu da Ɗan Rimi Nuhu, suka tsaya masa da shawara da makamai. Ya aika wa sarakunan garuruwa da na maƙwabta takardu yana neman goyon baya. Garuruwan gabas, har da Gaya da Dutse, suka shiga hannunsa, wasu da yaƙi wasu da sulhu. Sarkin Musulmi ya umarci sauran sarakunan daula su taimaki Tukur, amma yawancinsu suka yi ta jan ƙafa.

Harin farko da Yusufawa suka kai birni bai yi nasara ba. Tukur ya ɗauki waɗanda aka kama a matsayin 'yan tawaye, aka kashe wasu, aka sayar da wasu bayi, alhali Musulmi ne 'ya'ya. Wannan ya ƙara nisanta shi da zukatan mutane, ya kuma toshe hanyar sulhu.

Ana cikin shirin hari na biyu ciwo ya kama Yusufu, ya rasu a Garko cikin 1894. Jagoranci ya koma hannun ƙanensa Aliyu, wanda aka fi sani da Alu. Dalilin zaɓensa ya sake nuna nauyin dangin uwa a gidan sarauta, domin mahaifiyarsa, Saudatu, 'yar Sarkin Musulmi Aliyu Babba ce. Yusufawa sun san cewa ko sun ci birni ba su da wata madafa sai Sakkwato ta amince da su, kuma jikan Sarkin Musulmi ya fi kowa damar samun wannan amincewa. Kafin ƙarshen 1894 Alu ya shiga Kano, Tukur ya fice zuwa iyakar Katsina. Baturen nan C. H. Robinson, wanda ya zo Kano a ƙarshen wannan shekara don nazarin harshen Hausa, ya tarar da Alu a kan gado, yaƙi kuma bai ƙare ba. A watan Maris na 1895 aka kara a Tafashiya, aka yi wa Tukur raunin da ya zama ajalinsa. Daga baya Sakkwato ta karɓi abin da ya riga ya faru, ta amince da Alu.

7.0 Kwatanci da Wani Basaraken Faransa

Za a ƙara fahimtar halin da Yusufu ya sami kansa in aka kwatanta shi da wani ɗan gidan sarauta na wata ƙasa wanda shi ma ya ɗaga wa sarkinsa takobi. A Faransa ta ƙarni na 17 an yi Yariman Konde, Luwi na Biyu na gidan Burbon (1621–1686), ɗan'uwan Sarki Luwi na 14 ta wajen uba. Yana saurayi ya ci rundunar Sifaniya a yaƙin Rokurwa a 1643, sunansa ya cika ƙasa. Kamar yadda ya faru ga Yusufu, ɗaukakarsa ta tsorata fada, wazirin sarki, Kadinal Mazaran, ya sa aka tsare shi a watan Janairu na 1650. Bayan an sake shi a 1651 ya tayar da yaƙi, da ya ga ba nasara ya koma wajen Sifaniyawa yana yaƙar ƙasarsa. A sulhun da aka ƙulla tsakanin Faransa da Sifaniya a 1659 aka yafe masa, aka mayar masa da ƙasashensa da darajarsa, ya sake jagorantar rundunar sarki, ya mutu ya gadar wa ɗansa.

Bambancin ƙarshen mutanen biyu daga dokar gado ya taso. A Faransa mace ɗaya ake aure, gadon sarauta kuma na ɗan fari ne namiji, kowane ɗan gidan sarauta ya san matsayinsa a layi tun ranar haihuwarsa. Saboda haka Konde bai yi yaƙi don ya zama sarki ba, rigimarsa a kan wanda zai riƙe ragamar mulki ne a lokacin da sarki yake yaro. Bugu da ƙari, ƙasashensa da laƙabinsa gadon gidansu ne, in an ƙwace ana iya mayarwa, in ya mutu ɗansa zai ɗauka. A Kano kuwa 'ya'yan sarki suna da yawa, babu layi sananne, garuruwa na rawani ne, rawani kuma na sarki ne. Basaraken Faransa yana iya faɗuwa a yaƙi gidansa ya tsira. Ɗan sarkin Kano ba shi da wata hanya tabbatacciya ta tsirar da gidansa sai shi kansa ya hau karaga, ko ɗan ubansa ya hau ya tuna da shi.

8.0 Makomar Gidan

Alu ya yi mulki har zuwa 1903. Ran 3 ga Fabrairu na wannan shekara Turawan Ingila suka ci Kano yana kan hanyar dawowa daga Sakkwato. Ɗan'uwansa Waziri Ahmadu ya yi shahada a Kwatarkwashi, shi kuma aka kama shi aka kai shi Yola, daga nan Lakwaja, inda ya rasu a 1926. Wambai Abbas, wanda ya komo da jama'a birni, shi Lugga ya naɗa sarki, ya yi mulki daga 1903 zuwa 1919. Bayansa aka naɗa Usman na Biyu (1919–1926). Alu da Abbas da Usman duk 'ya'yan Abdullahi ne, duk 'yan'uwan Yusufu ne. Daga nan sarauta ta zauna a gidan Abbas, ta hannun Abdullahi Bayero (1926–1953) da waɗanda suka biyo bayansa. Gidan Bello bai sake ganin karaga ba, haka ma gidan Usman Maje Ringim. Shi ma Yusufu, da yake bai yi sarki ba, dokar nan da ta tura shi Takai ta hau kan zuriyarsa, ba a taɓa naɗa wani daga tsatsonsa Sarkin Kano ba.

Zuwan Turawa ya sauya ma'anar hakimci. A shekarun farko na mulkinsu suka harhaɗa garuruwan da ke warwatse suka mai da su gundumomi, suka umarci kowane hakimi ya bar birni ya koma gundumarsa da zama. Da haka wasu rassan gidan Abdullahi suka kafu a garuruwa, har sarautar gunduma ta riƙa zagayawa a cikin gida ɗaya, abin da ba a saba da shi ba a da. Ringim na cikin waɗannan garuruwa. Sa'ad da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa ran 27 ga Agusta 1991, da hedkwata a Dutse, aka ɗaga Ringim ta zama masarauta mai cin gashin kanta, ta ƙunshi Ringim da Taura da Garki da Babura. Sarkinta na farko, Alhaji Sayyadi Abubakar Mahmud Usman, ya fito ne daga zuriyar Sarkin Kano Usman na Biyu, watau daga gidan Abdullahi Maje Karofi. Ke nan garin da wan Abdullahi ya cika a 1855 ya zama mazaunin wani reshe na zuriyarsa.

9.0 Kammalawa

An ga yadda abubuwa uku suka haɗu suka tsara rayuwar Galadima Yusufu. Na farko, yawan 'ya'yan sarki ba tare da layin gado sananne ba. Na biyu, kasancewar arzikin hakimi a jikin rawani yake, ba a gadar da shi. Na uku, al'adar cewa ɗan sarki na cikinsa kaɗai ke hawa gado. Waɗannan ne suka sa Abdullahi ya ji tsoron ɗansa, suka sa Bello ya shiga rushe gidan wansa, suka sa 'ya'yan Abdullahi suka ga naɗin Tukur a matsayin hukuncin ƙarshe a kansu. An kuma ga cewa mata, irin su Shekara da Saudatu da 'ya'yan Abdullahi da aka nemi a saka, suna tsakiyar wannan tarihi, ko da yake littattafai sun taƙaita ambatonsu. Akwai bukatar masu nazari su tattara riwayoyin baka da kirare-kirare da salsalar gidaje da suka rage a Takai da Garko da Dutse da Ringim, musamman abin da ya shafi auratayya tsakanin gidan Abdullahi da sarakunan waɗannan garuruwa, tun dattawan da suka ji daga bakin iyayensu suna raye.